Bikin giwa a keji, alhali dajinmu ya zama kango

Duk shekara in 12 ga Agusta ta zagayo sai wayoyinmu su cika da bidiyon giwaye. Ranar giwa ta duniya ce, tun 2012 aka fara yinta, kuma gidajen zoo na Turai da Amurka basa wasa da ita. Za kaga an tara wa giwa kankana da kabewa tsibi guda, an yiwa yara zane a fuska, ana kiɗa, ga wani ma'aikaci riƙe da lasifika yana bayanin yadda ake kashe giwaye a Afirka saboda haure, in an gama a zagaya da akwatin taimako. 'Yan uwanmu da yaƙin Sudan ya kora Riyad suma sukan kai yara gidan zoo na Malaz su turo mana hotuna, kuma wallahi ina jin daɗin ganin yaran nan suna dariya bayan abinda idonsu ya gani. Inda na tsaya shine maganar da ta fara yawo a tsakaninmu, wai in Khartum ta farfaɗo ya kamata a gina mana katafaren gidan zoo irin na mutane, a sayo giwaye, muma mu riƙa yin bikinmu. Ni ban yarda ba. Ko fam ɗaya aka ware da sunan namun daji a ƙasar nan, dajinmu na Dindir ya kamata ya tafi kafin a sayi ƙarfen keji ko ɗaya.

Nasan abinda wani zai ce tun kafin in yi nisa, mutane na mutuwa, miliyoyi sun bar gidajensu tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, kai kuma kana zancen giwa. Gaskiya ne, kuma ba wanda yace a cire abinci daga bakin maraya a baiwa zaki. Amma maganar sake gina ƙasa yanzu ake yinta, yanzu ake rubuta abinda za'a fara da abinda za'a bari, in muka yi shiru sai an gama rabon sannan mu zo muna ƙorafi. Kuma maganar daji a wajen mu mutanen Sinnar da Gadarif ba maganar nishaɗi bace, a gefensa muke noma, a ruwansa 'yan uwanmu ke su, zumarsa muke sha.

Ƙasar nan ta daɗe tana ciyar da gidajen zoo na duniya. Raƙumin dawan da Muhammad Ali Basha ya aikawa sarkin Faransa kyauta, wadda aka taka da ita a ƙafa daga Marsel har Faris a 1827 mutane suka yi ta tururuwar kallo, a yankin Sinnar aka kamo ta, nan ƙasarmu. Karkandan nan da duniya ta yi wa kuka a watan Maris 2018, namiji na ƙarshe a jinsin farin karkandan arewa, sunansa ma Sudan, a Shambe aka kama shi a 1975 yana ɗan ƙarami, lokacin kudu bata rabu damu ba, aka kai shi gidan zoo a ƙasar Cekoslobakiya, ya kwashe sama da shekara talatin a can cikin sanyi, a 2009 aka kai shi Kenya ko Allah zai sa ya haihu, ya mutu yana da shekara 45 ya bar 'yarsa da jikarsa, mata biyu, shikenan jinsin. An kula dashi, an ciyar dashi, likitoci sun yi iya yinsu, ba zan ci haƙƙinsu ba. Amma duk shekarun da yake kwance a keji, can gida ana ta harbe danginsa ɗaya bayan ɗaya har aka ƙarar, ko da an so mayar dashi ba inda za'a mayar dashi.

Abinda nake so mu gane kenan. Gidan zoo yana da amfani ne in akwai dajin da dabba zata koma. Ku duba Saudiyya ma. Farin gwankin Larabawa, wanda suke kira maha, ya ƙare ƙaf a daji a 1972, 'yan kaɗan da aka tara a gidan zoo na Finiks a Amurka da wasu garke na sarakunan yankin ne suka hayayyafa, a 1982 aka fara sakinsu a Oman, daga baya Saudiyya ta killace Mahazat as-Sayd ta zuba su, yau gasu nan suna yawo. Wannan nasara ce ta gaske kuma da gidan zoo aka yi ta. Amma me ya sa ta yiwu? Saboda an ware ƙasa, an tsare ta, an biya masu tsaron. Da ba'a yi haka ba da har yau maha tana bayan waya yara na miƙa mata biskit.

Giwa kuma ta fi kowace dabba rashin dacewa da keji. Dabba ce da ke cin wajen kilo 150 na ganye da ciyawa da ɓawon itace a rana, tana tafiya mai nisa tana neman ruwa, tana zama cikin dangi, tsohuwa ce ke jan garke ita ta san inda rijiyar fari take, ƙanana suna koyo a wajenta. Cikinta wata 22 ne, sai tayi shekara huɗu ko biyar kafin ta sake haihuwa. Ka ɗauko irin wannan ka tsayar da ita kan siminti ita kaɗai ko su biyu, ƙafa ta ruɓe, gaɓoɓi su sage, ta wuni tana kaɗa kai gaba da baya, masu kallo su ɗauka rawa take. Hausawa sun ce giwa a garin wani zomo ce. Su kansu Turawan sun fara ganewa, gidan zoo na Landan ya kwashe giwayensa daga cikin birni a 2001 ya kai su wajen gari inda akwai fili, na Ditroit a Amurka ya sallami nasa a 2005 yace ba zai iya basu rayuwar da ta dace ba. Masu kuɗi da likitoci da wutar da bata ɗaukewa sun ce abin ya fi ƙarfinsu, mu kuma da wane ƙarfi?

Ai mun gwada. Khartum tana da gidan zoo tun farkon zamanin Ingilishi, a bakin Nilu kusa da Mugran, iyayenmu da yawa can suka fara ganin zaki. A shekarun 1990 aka rufe shi aka bada filin, yau otal ɗin nan mai siffar ƙwai da Libiya ta gina ne a wajen, wanda aka buɗe a 2008. Sai Janairun 2020, duk wanda ke da waya ya ga hotunan zakunan lambun Ƙurashi, fata da ƙashi, ƙudaje na bin miki, ɗaya ta mutu duniya na kallo. Kuma ku tuna lokacin ba yaƙi. Wani bawan Allah Usman Salih ne ya tada maganar a Facebook, mutane suka riƙa kai nama da magani daga aljihunsu, ƙungiyar kare dabbobi ta Four Paws ta turo likitoci, daga baya ya buɗe wajen ceton dabbobi a Bagir kudu da Khartum. Da yaƙi ya ɓarke wajen ya faɗa tsakiyar wuta. A Nuwamban 2023 aka samu aka kwashe dabbobin zuwa birnin Madani, ko wata biyu basu yi ba Madani ta faɗi hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojan gwamnati, aka sake kwasarsu, a ƙarshe wasu zakunan Jodan wasu Afirka ta Kudu. Na gidan tarihin halittu na Jami'ar Khartum kuwa, kadoji da macizai da tsuntsaye, ba wanda ya iya isa garesu, yunwa da ƙishirwa suka kashe su a kulle. Dabbar daji in taji harbi tana gudu, kamar yadda muma muka gudu. Ta keji bata da wannan.

Tun kafin yaƙi akwai wani ɗan lambun shaƙatawa a wani gari da ba zan faɗi sunansa ba, na kai yaran ƙanwata da sallah. A can ƙarshen lambun bayan lilo akwai keji uku. Kura ce a ɗaya, kejin ko tsayin gado biyu bai kai ba, ta zagaya ta zagaya har ta sassaƙe hanya a ƙasa, kwanon ruwanta ya yi kore. A na kusa gwaggon biri ne da sarƙa a ƙugu, sarƙar ta ci gashin wajen har nama, samari na miƙa masa guntun sigari da wuta suna dariya in ya ƙone. Na yiwa mai kula da wajen magana, dattijo ne, bai yi fushi ba, yace mini ɗana, albashina ma an daɗe ba'a bani ba, ƙafar kaji nake roƙo a kasuwa in kawo mata. Ban ga laifinsa ba har yau. Amma na tambayi kaina me yaran nan suka koya a wajen? Sun koyi cewa dabba abin tsokana ce. Kuma hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa duk mun haddace shi tun muna makarantar allo, ta kulle ta bata ciyar da ita ba kuma bata sake ta taje ta nemi na kanta ba. Kyanwa ɗaya fa. To ina ga wanda ya sa hannu a takarda aka kulle zaki biyar ba kasafin nama?

Toh ina giwayenmu suka tafi, tunda ƙasar nan ƙasar giwa ce? Wanda ya taɓa zuwa Musawwarat wajen Shandi yaga giwar dutse da mutanen Marawi ta dā suka sassaƙa a ƙarshen bango sama da shekara dubu biyu da suka wuce, a wajen da yau sai rairayi da ƙaya. Mutum baya sassaƙa abinda bai sani ba. A ƙarni na 19 kuma Khartum da haure ta yi kuɗi, fatake na hawa Farin Nilu da bindigogi su dawo da haure da bayi, Zubairu Basha a Bahar Gazal ya kafa daularsa kan wannan ciniki, kuma Rabeh da ya ci Barno a 1893 ya zauna Dikwa yaronsa ne, a wannan makarantar ya koyi yaƙi. Wato tarihin da ya taɓa kakanninmu can yamma da tarihin ƙarewar giwa a nan igiya ɗaya ce. An hana cinikin haure tsakanin ƙasashe a 1989, amma duk wanda ya san kasuwar Umdurman ya san an ci gaba da ganin awarwaro da tasbaha da 'yan gumakan haure a shaguna shekaru bayan nan.

Akwai kuma wadda ta fi ciwo, dole mu faɗe ta. Da namu suka ƙare, mahaya dawakai daga ƙasar nan suka riƙa tsallaka iyaka. Dajin Zakuma a Chadi yana da giwa sama da 4,000 a 2002, zuwa 2010 saura wajen 450. A farkon 2012 aka kashe ɗaruruwa a Buba Njida a arewacin Kamaru cikin 'yan makonni. A Satumban 2012 aka harbe masu gadin Zakuma suna tsaka da sallar asuba. Musulmi suna sallah, aka kashe su saboda haure da za'a kai wata nahiya a yi abin ado dashi. Duk lokacin da na tuna wannan sai inji kunyar in zauna ina tafa wa giwa tana fasa kankana.

Amma Zakuma ɗin ce kuma ta nuna abin na gyaruwa. A 2010 gwamnatin Chadi ta damƙa kula da dajin ga ƙungiyar African Parks, aka horar da masu gadi aka riƙa biyansu kan lokaci, aka raba wa ƙauyukan kewaye rediyon sadarwa don su kai rahoto in sun ga baƙin mahaya, tunda maharan da ke kashe giwa su ne ke kwashe musu dabbobi da hatsi. Giwayen da tsoro ya hana su haihuwa suka dawo suna haihuwa, yau sun haura 600. Chadi ce fa, maƙwabciyarmu, ba Siwizalan ba, talaucinsu da rikicinsu bai fi namu sauƙi ba.

Mu kuma muna da Dindir. Tun 1935 aka ware shi, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 10,000, UNESCO ta saka shi cikin wuraren da take karewa a 1979, yana manne da dajin Alatash na Habasha. Kogin Dindir da Rahad suna cika da damina su janye da rani su bar tafkunan nan da ake kira maya, a nan komai ke taruwa, ɓauna, gwanki, kwanta rafi, gadu, jimina, tsuntsaye ba adadi, kuma har yanzu akwai zaki. Raƙumin dawa ya ɓace tun shekarun 1980. Giwa da ada take shigowa daga ɓangaren Habasha ta zama labarin tsofaffi. Wani dattijo a hillarmu, wato ƙauyenmu, Allah ya jiƙansa, yakan ce suna samari in suka shiga neman zuma da kashinta suke gane ta wuce, tuli guda cike da ƙwallon aduwa da goruba, bayan damina kuma sai kaga 'yan itatuwa sun tsiro a wajen. Yace a busasshen kogi takan tona rami da haure da ƙafa har ruwa ya fito, in ta sha ta tafi sauran dabbobi su zo, har mutane. Mu da muka taso bayansu bamu ga ko sawunta ba.

Ba mafarauta kaɗai suka cinye Dindir ba, kuma a nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Manyan gonakin tarakta na dawa da riɗi suka mamaye filayen da namun daji ke fita da damina, suka toshe burtalin makiyaya, makiyayi bashi da inda zai kai shanunsa da rani sai cikin daji, sai a kama shi a ci shi tara, wani lokacin har a yi jini. Masu gawayi na sare itace, masu zuma na sa wuta ta kuɓuce musu, tafkuna na cikewa da laka. Sai yaƙin nan ya zo, a tsakiyar 2024 Sinja da garin Dindir suka faɗi kafin soja su karɓe su a ƙarshen shekarar, mutane suka watsu, wanda yunwa ta kora daji kuma ba zaka ce masa kar ya ɗana tarko ba. Ƙauyukan Hausawa na nan jere a bakin Rahad da Dindir da Shuɗin Nilu, tun zamanin da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya sauka bayan yaƙin Burmi na 1903 da ma masu tafiya hajji a ƙafa da suka yada zango. Ba baƙi muke ba a gefen dajin nan. Muna cikin masu cin amfaninsa, muna kuma cikin masu yi masa ɓarna, gara mu faɗa da bakinmu.

Shi yasa in ana zancen kare daji bana son a kawo mana tsohon salo, ɗan sandan namun daji da bindiga a gefe ɗaya, talaka da gatari a ɗaya gefen, kowa na kallon kowa a matsayin ɓarawo. Wannan an yi shi shekara da shekaru bai tsare ko raƙumin dawa ɗaya ba. A ɗauki samarin ƙauyukan aikin gadi, su suka san kowace hanya da kowane kwari, a biya su albashin da zai hana su karɓar na goro. A buɗe wa makiyaya burtali a haƙa musu ruwa a wajen iyaka tun kafin a ce musu kar su shiga. A bar masu zuma su kafa amya a gefen daji maimakon ƙona bishiya. In baƙo ya biya kuɗin shiga Galagu, sansanin baƙi da ke cikin dajin, a san kason da zai koma makaranta da ɗakin shan magani na hillar da ke kusa, a rubuce, kowa ya sani. Kuma wannan ba al'adar Nasara bace da za'a ce an shigo mana da ita, Manzon Allah (SAW) ya killace Naƙi'u kusa da Madina ya hana a yi kiwo barkatai a ciki, Sayyadina Umar ya killace Rabaza, malamanmu sun san babin hima, wato killace ƙasa, sarai, sai dai ban cika jin an hau mumbari dashi ba.

Ba zan ɓoye ba, in Allah ya sa giwa ta dawo, wahala zata dawo da ita. Garke ɗaya na iya share gonar mutum a dare ɗaya, noman shekara, kuma tana kisa. Mutanen kewayen Yankari a Bauchi sun san wannan, ku tambayi 'yan uwa can. Wanda ke zaune a Riyad ko Landan yana son giwa a waya bai taɓa kwana a gona yana buga gwangwani ba. Don haka duk wanda zai ce a dawo da giwa dole ya zo da amsar wa zai biya manomi in ta yi ɓarna. Akwai dabaru, a Kenya ana kewaye gona da amyar zuma a rataye a waya, in giwa ta taɓa wayar ƙudan su tashi ita kuma tana tsoronsu ta juya, manomi ya tsira da hatsinsa ya kuma sayar da zuma, wasu na amfani da barkono. Basa hanawa ɗari bisa ɗari, amma sun fi harsashi.

Saura maganar yara, don ita ce hujjar masu son gidan zoo mafi ƙarfi, kuma ina girmama ta. Yaron da bai taɓa ganin dabba ba ya za'ayi ya damu da ita? Haka ne. Amma tsakanin Sinnar ko Gadarif da dajin Dindir ba wata ƙasa bace, matsalar hanya ce, da damina laka ke rufe ta gaba ɗaya, da rani kuma sai mota mai ƙarfi. Akwai yaran da aka haifa a ƙauyen da ke jin kukan zaki da dare amma basu taɓa shiga sun ga maya cike da ɓauna ba, don shiga ta masu kuɗi ce da baƙi. In ana son biki, a yi shi can. Ba sai 12 ga Agusta ba tunda lokacin ruwa ya rufe hanya, a sa shi a Janairu ko Fabrairu sanda dabbobi ke taruwa a bakin ruwa, a gyara hanyar Galagu, a ɗebi 'yan firamare a lori kyauta, makarantun da ke manne da daji su fara shiga kafin na birni, a samo tsofaffin da suka ga giwa da idonsu tun suna raye su zauna su basu labari. Wanda yake da dangi a hukumar namun daji ko a gwamnatin jihar Sinnar ko Gadarif, dan Allah ya kai musu maganar nan tun kafin wani ɗan kwangila ya riga mu da zanen gidan zoo.